Kimiyya a Sauƙaƙe: Suna Linzami Ne, Ko da na Fayil

A wannan mako za mu ɗauki wata magana wadda da jinta mutum zai ce ai wannan aikin akawu ne, ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Maganar kuwa ita ce sunan da mai binciken kimiyya yake raɗa wa fayilolinsa a cikin kwamfuta. Ina roƙonku ku yi haƙuri ku biyo ni sannu, domin nufina in nuna muku cewa wannan ɗan suna yana cikin kayan gwaji, kamar yadda ma'auni da kwalba suke ciki, in kuwa ya karkace, sakamako yakan karkace tare da shi.

A fagen kimiyya ba a karɓar magana don girman mai ita. In malami ya ce ya gano abu kaza, tilas ne ya bayyana hanyar da ya bi filla-filla, yadda wani malami a wata ƙasa, wanda bai taɓa ganinsa ba, zai bi sawunsa ya isa inda ya isa. A dā kwatancen hanya a cikin maƙala ya isa. Amma tun da kwamfuta ta shigo, rabin aikin ya koma cikin cikinta, watau alƙaluman da aka tara da manhajar da ta yi lissafi a kansu. Wani masanin girgizar ƙasa na Jami'ar Stanford ta Amurka, Jon Claerbout, yana cikin waɗanda suka fara jan hankali a kan haka, tun a cikin shekarar 1992. Shi ra'ayinsa shi ne, duk wani zane ko jadawali da ya fito a maƙala, ya kamata mai karatu ya iya sake fitar da shi da kansa daga fayilolin mai maƙalar. Magana ce mai sauƙin faɗi. A cikin 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, sai fiye da kashi 70 cikin 100 suka ce sun taɓa gwada maimaita aikin wani suka kasa. Abin da ya fi ba da mamaki, fiye da rabinsu sun ce sun taɓa kasa maimaita nasu na kansu.

Dalilan wannan suna da yawa, kuma ba zan ce duk laifin suna ne ba. Amma ga labarin abin da ya faru a Jami'ar Hawai cikin 2019, ku yi hukunci da kanku.

Wasu masana ilmin haɗa sinadarai, ƙarƙashin Farfesa Philip Williams, suna binciken waɗansu ƙananan halittun ruwa masu kama da gansakuka, suna neman sinadaran da za su yi amfani wajen magani. Kowane sinadari ƙwayoyin zarra ne a haɗe, sanin yadda suke haɗe kuwa shi ne sanin sinadarin. Ga yadda ake yi. Ana sa shi a cikin wata na'ura mai maganaɗisu, ta ba da lambobi. Sa'an nan mai bincike ya zana siffar da yake zato, ya sa kwamfuta ta lissafa lambobin da wannan siffa za ta bayar in da ita ce. In lambobin biyu sun dace, zato ya yi ƙarfi. Wahalar ita ce sinadari ɗaya yakan lanƙwashe ya ɗauki tsayuwa iri-iri, kamar yadda mutum ɗaya yake tsayawa, ya zauna, ya tsuguna. Kowace tsayuwa tana da fayil biyu: ɗaya na lambobinta, ɗaya kuma mai nuna nauyin da za a ba ta a cikin lissafi. Sai an aura kowane fayil da abokinsa kafin a sami amsa.

Domin sauƙaƙa wannan aure, waɗansu masana uku na Jami'ar Minnesota, Patrick Willoughby da Matthew Jansma da Thomas Hoye, sun buga wata ƙaramar manhaja a mujallar Nature Protocols cikin 2014, rubutacciya da harshen kwamfuta mai suna Python. Mutane suka karɓe ta hannu bibbiyu, har ayyuka fiye da 100 suka ambace ta. Ana nan sai wani ɗalibi a Hawai, Yuheng Luo, wanda yake ƙarƙashin Rui Sun, ya sake lissafin da abokan aikinsa suka riga suka yi, ya ga amsarsa dabam. Fayiloli iri ɗaya, manhaja iri ɗaya, amsa dabam. Da suka bi diddigi sai suka tarar bambancin na kwamfutoci ne. Mai aiki da Windows 10 da mai aiki da macOS Mavericks sun ba da 173.2, wanda shi ne daidai. Mai macOS Mojave ta ba da 172.7, mai Ubuntu kuwa 172.4. Wanda ba ya cikin sana'ar zai ce wannan ai ba wani abu ba ne. A wurin masu ita, irin wannan ɗan tazara yana iya sa a zaɓi siffar da ba ita ba.

Me ya jawo? Manhajar takan ce wa kwamfuta, ba ni fayilolin kaza, ba ni fayilolin kaza, sai ta ɗauki na farko a wannan jeri ta haɗa da na farko a wancan, na biyu da na biyu, har ƙarshe. Ta ɗauka kwamfuta za ta miƙo su a jere bisa suna. Alhali kuwa Python bai yi wannan alkawari ba, kowace kwamfuta da yadda take miƙowa. Kamar malamin makaranta ne da ya riƙe takardar sunayen yara a hannun dama, ta maki a hannun hagu, bai lura iska ta hautsina ɗaya ba, ya yi ta bai wa Audu makin Tanko. Jimillar aji tana nan daidai, ba abin da zai ja hankalinsa. Mutanen Hawai suka buga abin da suka gano a mujallar Organic Letters a watan Oktoba na 2019, Willoughby kuma ya amsa a fili ba tare da gardama ba, aka gyara. Gyaran bai wuce a umurci manhajar ta jera sunayen kafin ta fara aiki ba.

To, wani zai ce, ai wannan laifin manhaja ne, ina ruwan suna? Gaskiya ne, amma a dubi abin da kyau. Sanin wane fayil ne abokin wane, ba a rubuce yake a ko'ina ba sai a cikin sunayen. Kuma gyaran ya ci ne kawai domin sunayen suna da tsari, kowane da lambarsa daidai da ta abokinsa. Da a ce an raɗa musu suna yadda aka ga dama, wannan "sabo", wancan "na jiya", da babu jerin da zai cece su, da kuma ba wanda zai iya komawa ya gane inda aka ɓata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Akwai wani labari ɗan'uwan wannan, ko da yake shi sunayen da ke cikin fayil ya shafa. Masana ilmin halitta sukan taƙaita sunayen ƙwayoyin gado da haruffa da lamba, kamar SEPT2 da MARCH1. In aka zuba irin waɗannan a jadawalin Excel ba tare da an yi hattara ba, sai ya ɗauka kwanan wata ne, ya mai da na farko 2 ga Satumba, na biyu 1 ga Maris, ba sallama ba neman izini. An yi kuka da wannan tun 2004. A cikin 2016 Mark Ziemann da abokansa a Ostareliya suka duba maƙala 3,597 a mujallu 18, suka sami wannan ɓarna a cikin 704, watau kusan ɗaya cikin biyar. Da aka sake dubawa a 2021 ta kai kusan kashi 31 cikin 100. Kwamitin da ke kula da sunayen ƙwayoyin gado na ɗan Adam ya ga ba a iya canja halin manhaja ko na mutane, sai ya canja sunayen. Zuwa 2020 an sake wa 27 suna, MARCH1 ya zama MARCHF1, SEPT1 ya zama SEPTIN1. Wasu sun ga kamar ƙasƙanci ne ilmi ya rusuna wa kayan kanti. Ni ina ganin kwamitin ya yi hankali. Ya gane cewa suna yanzu masu karatu biyu gare shi, mutum da na'ura, kuma na'ura ba ta da kara, ba ta cewa ai na san abin da kake nufi.

Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Wata malamar ƙididdiga, Jenny Bryan, ta taƙaita ta cikin wata lacca da ta yaɗu ƙwarai tun 2015, inda ta nemi suna ya zama na'ura za ta iya karantawa, mutum zai iya fahimta, kuma in an jera ya faɗa gurbinsa da kansa. Bari mu ga yadda wannan yake a aikace.

A fara da kwanan wata. In ka ga 03-04-2021 a kan fayil, wace rana ce? Mu da Ingila za mu ce 3 ga Afrilu. Ba'amurke zai ce 4 ga Maris. Ga wanda yake auna tsiro ko zazzaɓin majiyyaci, wata guda ba wasa ba ne. In kuma ka ce bari in rubuta sunan watan don a huta, sai kwamfuta ta jera maka bisa haruffa: Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, har zuwa Yuli da Yuni. Ka ga shekara ta fara da bazara, Janairu ya zo na biyar, Yuli ya riga Yuni. Maganin wannan yana nan tun 1988, sa'ad da ƙungiyar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da ƙa'idar da ake kira ISO 8601: shekara da lamba huɗu, sa'an nan wata, sa'an nan rana, watau 2021-04-03. Ba mai karanta ta iri biyu, kuma da an jera bisa haruffa, an jera bisa lokaci ke nan.

Haka lamba. Kwamfuta in tana jera suna harafi-harafi take bi, saboda haka 10 da 11 da 12 duk za su shiga tsakanin 1 da 2. A nan akwai tarko, domin tagar da kake duba fayiloli a Windows ko Mac takan yi maka wayo ta nuna su daidai, amma manhajar da za ta yi lissafi ba lalle ta yi wannan wayo ba. Ka ga ido yana ganin jeri ɗaya, lissafi yana bin wani. In ka san samfurinka zai kai ɗari, to fara da 001.

Sauran ƙananan abubuwa ba sai mun daɗe a kansu ba. Kada a bar fili a tsakiyar suna, domin manhajoji da yawa sukan ɗauka suna ya ƙare a nan. A yi amfani da ɗan layi a maimakonsa. A tsaya kan ƙananan baƙaƙe, domin a Linux "Gero" da "gero" fayil biyu ne, a Windows kuwa ɗaya ne, in aka kwaso su daga can zuwa nan sai ɗaya ya nemi danne ɗaya. Windows kuma ba ta yarda da alamar tambaya, ko tauraro, ko ɗigo biyu a cikin suna ba.

Amma akwai inda maganar ta taɓa mu mu masu rubutu da Hausa, a nan kuwa zan ɗan tsaya. Rubutunmu yana da baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, yana kuma da ɗan waƙafin sama da muke sawa a "jama'a" da "ma'auni" da "'yan makaranta". Wannan ɗan waƙafi, a wurin na'ura, alama ce ta buɗe zance. In ta gamu da shi a sunan fayil cikin umurnin da ba a rubuta da hattara ba, sai ta tsaya tana jiran a rufe zancen, aiki ya tsaya cik, ko ya tafi inda ba a aike shi ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa kuwa kwamfutocin yanzu sun san su, alhamdu lillahi, amma tsofaffin manhajoji, da waɗansu hanyoyin ƙunshe fayiloli a aika, sukan mai da su waɗansu alamomi marasa kan gado. Ko sun tsira ma, in aka jera su bisa lambar da kwamfuta ta ba kowane harafi, bayan z suke faɗawa, sai ka je neman "ƙasa" kusa da "kasa" ka same ta can bayan "zuma".

Shawarata a nan ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda suka yi shekaru suna faman a riƙa rubuta lanƙwasa, ni ma kuwa ina cikinsu. A sunan fayil kaɗai, a bar ta. A rubuta "kasa", a rubuta "jamaa". Amma a cikin takardar bayani a rubuta kalmar da cikakkiyar ƙa'idarta, a faɗi abin da ake nufi. Wanda kuma aikinsa a kan harshen ne kansa, yana naɗar muryoyi don bambanta "kafa" da "ƙafa", to kada ya dogara da kalmar ko kaɗan. Ya ba kowace lamba, ya ajiye jadawali mai nuna wace lamba ce wace kalma. Ba raina Hausa ba ne. Bafaranshe da Bajamushe ma haka suke yi da nasu baƙaƙen masu ado in sun zo nan.

Mu ɗauki misali. A ce wani yana auna tsawon gero a gonakin gwaji. In ya sa wa fayil suna "awo sabo", to bayan wata shida shi kansa ba zai san na wace gona ba ne. In kuwa ya rubuta 2023-08-14_gero_gona-03_tsawo_gyara-02, ko ya yi tafiya, ko an yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi zai karanta ya san rana, da amfanin gona, da wuri, da abin da aka auna, da cewa an taɓa fayil ɗin sau biyu. Na'ura kuma za a iya ce mata, tattaro mini duk na gona ta 3, ta tattaro cikin ƙiftawar ido. A dā ana da uzuri, domin a zamanin MS-DOS suna ba ya wuce harafi 8, da waɗansu 3 bayan ɗigo. Tun fitowar Windows 95 aka buɗe ƙofa har zuwa 255. Uzuri ya ƙare ke nan, ko da yake wannan ba izini ba ne mutum ya rubuta tarihin kakanninsa a kan fayil.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun kai abin matsayin doka. Hoton ƙwaƙwalwar mutum ɗaya yakan zo da fayiloli barkatai, kowane ɗakin bincike kuma da nasa salon, har ya zama in an ba ka aikin wani sai ka yi makonni kana warware ƙulli kafin ka fara. A cikin 2016 Krzysztof Gorgolewski da abokansa suka buga wata ƙa'ida mai suna BIDS, wadda ta tsara yadda za a raɗa wa kowane fayil suna da jakar da za a sa shi. Suna yakan fara da lambar wanda aka ɗauka, kamar sub-01, sa'an nan aikin da yake yi lokacin ɗauka, sa'an nan irin hoton. Har da wata manhaja mai duba jakarka ta gaya maka inda ka saɓa. Amfanin da ya biyo baya shi ne, wanda ya rubuta manhajar nazari sau ɗaya, za ta yi aiki a kan kayan duk wanda ya bi ƙa'idar. Ku lura kuma da cewa lamba ake sawa, ba sunan mutum ba. Sunan fayil yana tafiya inda abin da ke ciki bai je ba, yana fitowa a saƙo, yana fitowa a allon wanda ke wucewa. Sa sunan majiyyaci a kai tona asiri ne.

Sai kuma cutar da ta fi kowace yaɗuwa, watau kalmar "na ƙarshe". Kowa ya san ta: na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaske, na ƙarshe bayan gyaran malam. Ran da mujalla ta ce a aiko da alƙaluman da suka haifi zane na 3, sai a rasa wane na ƙarshen ne. Babu fayil na ƙarshe muddin mai shi yana da rai. A sa lamba, ko a yi amfani da manhaja irin su Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, mai riƙe tarihin kowane gyara ba tare da an canja suna ba. Ainihin alƙaluman da aka kwaso daga na'ura ko daga gona kuwa, a keɓe musu jaka, kada a taɓa su. Duk gyara a yi shi a kan kwafi.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce: muna fama da rashin wuta da rashin kuɗin bincike, kai kana maganar suna. To ai shi ya sa nake maganar. Cikin duk abubuwan da ake bukata don aiki ya maimaitu, wannan ne kaɗai ba ya cin ko kwabo. Kuma inda kwamfuta takan mutu ba shiri, ɗalibi ya gama digiri ya tafi da abin da ke kansa, a nan aka fi bukatar fayil ya iya faɗin sunansa da bakinsa. Timothy Vines da abokansa sun nemi alƙaluman maƙala 516 daga hannun masu su, suka buga sakamakon a 2014: damar samun alƙaluman tana raguwa da misalin kashi 17 cikin 100 duk shekara bayan bugawa. Wannan ma samu kawai ake magana. Wanda aka samu amma ba a gane kansa ba, da shi da ɓatacce duk ɗaya ne.

Saboda haka ina ganin nauyin yana kan mutum biyu. Na farko malamin da ke duba ɗalibi. Ranar da ɗalibi ya fara aiki, kafin ya auna kome, su zauna su rubuta ƙa'idar suna a shafi ɗaya, a ajiye ta a bakin jaka cikin 'yar takardar bayanin nan da Turawa suke sa wa suna mai ma'anar "karanta ni". Ta faɗi abin da kowane yanki na suna yake nufi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da wane fayil ne ya haifi wane zane. Na biyu editan mujalla. Mujallu da yawa yanzu suna neman a haɗo alƙaluma da maƙala, amma sau da yawa ba mai buɗe jakar ya duba. Ya kamata a cikin masu tace maƙala a sami ɗaya da zai ɗauki jakar, ya sa ta a kwamfutar da ba irin ta mai maƙalar ba, ya ga ko zane na 1 zai fito kamar yadda aka buga shi. In bai fito ba, a mayar wa mai ita ya gyara kafin a kai maɗaba'a.